Milimeta Hamsin da Takwas

Buhu biyu na irin hatsi mai kwana saba'in. Sandar ƙarfe ɗaya. Kaye ɗaya na rubuta awo, bik biyu na rubutu. Takardar shaidar gama formasiyon, wato horo, a cikin leda. Hula mai sunan furoje, shirin tallafin noma, wadda ta yi masa kaɗan. Goron Baba Alfari. Sabulun matarsa Habiba. Sai wani kofin roba mai zane-zane a jiki, naɗe cikin sallaya, rungume a ƙirji.

Da wannan kaya Halidu ya baro Gaya a bayan kabu-kabu, moto ɗin haya mai ƙafa biyu. Sun wuce layin manyan motocin da ke jiran duwan, wato kwastan, sun bar kwalta, sun kama hanyar jar ƙasa mai bin gefen kogi zuwa Tungar Giginya. Duk ramin da suka faɗa, buhunan su yi sama su dawo, Halidu bai waiwaya ba. Kofin kawai yake tallafewa.

Mai moto ya ce, "Malam, me ke cikin sallayar nan? Jinjiri ne?"

"Kai dai tuƙa."

Bara sau uku aka yi shibka a Tungar Giginya. Ruwa ya sauka, a ruga gona, hatsi ya tsiro, sama ta ɗauke kwana ashirin, tsiron ya ƙone. Shibka ta uku da hatsin tuwo aka yi ta. Da ruwan ya tashi zuwa da gaske, sai ya taho da kogi gaba ɗaya ya shanye shinkafar fadama. Tsofaffin da ke duban tururuwa da zubar ganyen gawo suka ce alamun nan duk sun daina jin magana.

Shi ya sa bana koperatif, ƙungiyar manoman garin, ta tura Halidu Gaya. An zaɓe shi don ya yi lakkol, makarantar boko, har ya sami sartifika, kuma don ba a taɓa jin ya ba da labari ya ƙara gishiri ba. Kwana uku wata madam ta ma'aikatar gona tana nanata musu abu biyu. Kada a taɓa irin nan sai kofi ya nuna milimeta ashirin a ruwa ɗaya. Kuma wanda ya ƙona nasa, babu ƙari bana.

Da la'asar aka taru a gindin tsamiya, gaban magazan, ɗakin ajiyar koperatif. Baba Alfari ne shugaba, ƙanen mahaifin Halidu ne, kuma shi ke riƙe da makulli ɗaya na magazan, Halidu na riƙe da ɗayan. Baba Alfari ya karɓi goronsa, ya juya kofin sama da ƙasa, ya leƙa ciki.

"Wato yanzu kofi ne zai gaya mana an yi ruwa?"

"Ba zai gaya muku an yi ba, Baba. Zai gaya muku nawa aka yi."

"To wa ya gaya wa kakanka nawa aka yi?"

"Kakana ruwa bai yi masa ƙarya ba."

Wasu har sun fara neman takalmansu. Sai Halidu ya ƙara da cewa duk safiyar da ta biyo bayan ruwa zai karanta kofin, ya rubuta a kaye, ya buga waya gidan rediyon yankin, su kuma su karanta da tsakar rana.

Baba Alfari ya daina taunar goro. "Da sunan gari?"

"Da sunan gari, da na mai awo."

Masu neman takalma suka koma suka zauna. Sau biyu kacal sunan Tungar Giginya ya taɓa fita a rediyo: ranar da dorina ta cinye shinkafar mutum huɗu, da ranar cigiyar wata saniya. Kafin magariba an kafa sandar a filin da ke tsakanin masallaci da magazan, an ɗora kofin, an kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Sunan da madam ta kira shi da Faransanci ya gagari kowa, sai aka bar shi a Kofin Halidu.

Abin da ba a yi lissafinsa ba shi ne Garin Mumuni. Kilomita biyar ne tsakani, kuma su ma an ba su kofi. A can Salamatu ƙanwar Habiba take aure. A can kuma Yacuba yake, taubashin Halidu, mutumin da tun suna yara bai taɓa ganin Halidu ya faɗi ba tare da ya kira mutane su gani ba.

Ruwan farko, rediyo ta ce Garin Mumuni goma sha biyu, Tungar Giginya biyu. Na biyu, Garin Mumuni sha tara, Tungar Giginya huɗu. Na uku, Garin Mumuni talatin da ɗaya, Tungar Giginya ɗigo-ɗigo. Mai karantawar har da maimaitawa, ɗigo-ɗigo.

Wayar Halidu ta yi ƙara tun ba a gama shirin ba.

"Taubashi, na ji labari. In aiko maka da ruwa bido biyu ka jiƙa gemu?"

Halidu ya kashe.

A gida Habiba ta ajiye masa tuwo da ƙarfin da ya sa miya ta fantsama. "Baban Nuriya, Salamatu ta kira ni. Wai sun yi shibka tun shekaranjiya. Wai in muna son ganin hatsi mu zo yawon buɗe ido. Kai ba ka iya karanta abin nan ba ne, ko kofin naka huje yake?"

"Abin da ya sauka nake karantawa."

"To na Garin Mumuni daga wace sama yake sauka?"

A masallaci ma gaisuwa ta canza. Da can sai a ce masa ina gajiya. Yanzu sai a ce, "Ɗigo-ɗigo, an tashi lafiya?"

Ranar Laraba da yamma hadari ya haɗu ta gabas, baƙi ƙirin. Iska ta kwashe rumfar mai shayi, ta karya reshen tsamiya, aradu ta yi ta faɗuwa kamar ana sauke ƙarafa daga mota. Kowa ya shige ɗaki ya rufe. An ji ruwa a kan kwano, amma iska ta fi shi ƙara, ba wanda zai iya rantsewa tsawon lokacin da ya yi.

Ƙarfe takwas na safe Halidu ya sa hular furoje ya nufi fili da kaye. Ya ɗaga ƙaya, ya durƙusa har idonsa ya yi daidai da ruwan, kamar yadda madam ta nuna. Ya karanta. Ya goge ido, ya sake karantawa.

Hamsin da takwas.

Ya kamata ya dubi ƙasar da ya durƙusa a kai. Bai duba ba. Fuskar Yacuba ya gani. Ya rubuta, ya buga waya, ya faɗi lambar sau biyu, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa a hankali don kada a yi kuskure. Sannan ya cire kofin ya juye ruwan, don haka dokar take: a karanta, a rubuta, a faɗa, a zubar.

Wani abu ya yi tsalle a cikin rairayi. Halidu ya sunkuya. Ɗan kifi ne, bai kai rabin ƙaramin yatsa ba, yana buɗe baki yana rufewa.

Ya daɗe a tsugune. Sai ya ɗauke shi, ya je wurin mai shayi ya ari kofin gilashi, ya zuba ruwa ya saka shi. Daga nan ya wuce gonarsa. Ya tona da hannu. Danshi yatsa biyu, ƙarƙashinsa busasshiyar ƙasa mai ɗumi kamar toka. Ya tona a tsakiya, ya tona a gindin gawo, ya tona a kwari. Duk yatsa biyu. Irin da aka zuba a nan zai tsiro cikin kwana uku, ya mutu cikin goma.

Yana dawowa gari rediyo na karantawa. Gaya tara. Garin Bana shida. Yelu babu. Garin Mumuni ashirin da huɗu. Mai karantawar ya ɗan tsaya. "Tungar Giginya, hamsin da takwas. Na maimaita, hamsin da takwas, inji Malam Halidu. Allah ya tsare gidajen ƙasa."

Guɗa ta tashi daga gida uku a lokaci guda. Kafin ya isa magazan mutane sun cika gindin tsamiya, maza da sungumi a kafaɗa, mata da ƙwarya da tasa na karɓar iri. Waɗanda suka kira shi Ɗigo-ɗigo jiya suna miƙo masa hannu bibbiyu. Baba Alfari yana tsaye a bakin ƙofa cikin babbar riga, makulli a hannu.

Halidu ya ce, "Baba, dakata. Na tona gona. Danshi yatsa biyu ne."

Baba Alfari ya dubi jama'a, ya ja shi gefe, ya rage murya. "Magana tsakanin uba da ɗa. Da asuba, ina wucewa masallaci, na ɗan taimaka."

"Wa ka taimaka wa?"

"Kofin."

"Da nawa?"

"Kofin shayi biyu. Ba don kaina ba, don mutuncin gari. Amma ka cire nawa, sauran ai na Allah ne, kuma ya isa."

Halidu bai rage murya ba. Ya sa aka kawo kofin awon da buta, ya zuba kofin shayi biyu a gaban kowa, ya ɗaga. "Wannan na Baba Alfari ne. Sha shida."

Aka yi dariya, amma ta yabo. Wani ya ce shugaba ke nan. Mai shayi, wanda ya fi kowa saurin lissafi, ya ce saura arba'in da biyu, kuma arba'in da biyu ta ninka ashirin har da ƙari.

"Akwai wani?" in ji Halidu.

Sai daga cikin mata aka ji murya. "Ludayi ɗaya ne kawai."

Bai buƙaci ya waiwaya ba. Shekara goma sha tara yana jin muryar nan.

"Habiba."

"To me? In zauna Salamatu ta sake kirana? Sunanka fa ake faɗa, Baban Nuriya, ba nawa ba. Ni rufa maka asiri na yi."

Aka aika aka ɗauko ludayin. Sha biyar.

Mai shayi ya ce, "Saura ashirin da bakwai."

Baba Alfari ya buɗe hannuwa. "Alhamdu lillahi. Madam ta ce ashirin. Ga bakwai gyara. Buɗe, ɗana, rana na yi."

Halidu ya ɗaga kofin gilashin sama inda kowa zai gani. Ɗan kifin yana zagayawa abinsa.

"To wannan na waye? A cikin kofi na same shi."

Aka matso ana leƙe. Wata tsohuwa ta ce ita kakarta ta taɓa ba ta labarin shekarar da aka yi ruwa da kifi, kuma shekarar an yi albarka. Wasu suka gyaɗa kai da sauri. Amma idanu sun riga sun fara juyawa, ɗaya bayan ɗaya, zuwa ga Hamani masunci, wanda ke jingine da tsamiya, shi kaɗai ba sungumi ba ƙwarya.

Hamani ya sosa wuya. "Gwangwani ɗaya. Daga kogi na taso, ban lura da shi a ciki ba."

Halidu ya ce, "Kai da ba ka da ko taki ɗaya na gona?"

"Ɗana da ke Malanbil, tsallaken kogi, yana kama tashar nan. Ya ce abokan aikinsa ba su yarda akwai wani gari Tungar Giginya ba."

Aka zuba gwangwanin Hamani. Ashirin cif.

Mai shayi bai faɗi sakamako ba, sai ya kama wanke kofunansa. Halidu ne ya faɗa.

"Bakwai. Abin da Allah ya saukar jiya bakwai ne."

Ya ɗauka magana ta ƙare. Baba Alfari ya gyara riga.

"Amma rediyo ta faɗa."

"Ni na faɗa mata, Baba."

"Kai ka faɗa, ita ta tabbatar. Duk ƙasar Dandi ta ji, har tsallaken kogi. Yanzu garin da aka yi wa hamsin da takwas ya zauna bai yi shibka ba? Me za a ce? Gobe Garin Mumuni za su zo su ga gonaki a kwance, su gane. Wannan tsegumin har jikokinmu."

Sungumai suka koma kafaɗa. Halidu ya ga abin da ke shirin faruwa sarai: mutum arba'in, kowannensu ya ga lissafin da idonsa, za su zuba buhu biyu a cikin toka don kada a yi musu dariya.

Sai ga ƙarar moto, ƙura na bin ta a baya. Yacuba ne, ya naɗe wando har gwiwa, ya ɗaura filafilin kwalekwale a bayansa. Ya sauko yana ɗaga ƙafa sama-sama kamar mai tsallake ruwa.

"Salamu alaikum, waɗanda suka tsira! Ina gawarwakin? Taubashi, na kawo agaji. Ta ina zan bi, kada ruwa ya ci ni?" Ya tsuguna ya ɗebi rairayi ya sake shi, iska ta kwashe. "Kai, ƙasarku akwai ƙishirwa. Hamsin da takwas ta shanye ko gyatsa babu."

Ba wanda ya yi dariya sai Hamani. Yacuba ya zagaya ya gaida Baba Alfari, ya tsokani Habiba, sannan ya kama hannun Halidu ya ja shi bayan magazan. A nan ya sauke naɗin wandonsa, murya ma ta sauka.

"Tiya biyu nake so na irin nan. Namu ya ƙone."

"Ku da kuka yi talatin da ɗaya?"

"Kofinmu a bakin kwanon masallaci yake. An matsar da shi can saboda awaki. Ruwan rufin yana ɗan... ka gane."

"Na gane. Zo ka faɗa da ƙarfi."

"Haba, taubashi."

"Tun muna yara kake tara mini mutane. Yau rana tawa ce."

Yacuba ya faɗa, a gaban kowa, filafili a bayansa. Sun yi shibka kwana goma sha ɗaya da suka wuce. Hatsi ya fito kore shar, ya kai tsawon yatsa, ya kwanta. Buhunsu biyu sun tafi. An buga wa madam waya, ta ce ai ta faɗa tun farko.

Habiba ta ce, "Salamatu ba ta gaya mini wannan ba."

Wasu suka sauke sungumi. Wata mata ta kife ƙwaryarta a ka ta juya. Halidu ya fara sakin numfashi. Baba Alfari ya yi gyaran murya.

"Allah ya mayar musu da alheri. Amma a duba. Su a kan talatin da ɗaya suka yi shibka, dole ya ƙone. Mu hamsin da takwas gare mu."

Kuma wallahi aka sami masu cewa haka ne.

Halidu ya miƙa wa Hamani kifinsa. Ya je fili ya girgiza sandar ƙarfen har ta fito. Tsani ɗaya ne tak a garin, na gyaran soron masallaci. Ya ɗauko shi ya jingina da magazan, ya hau da sanda da kofi, ya kafa su a tsakiyar rufin ƙasa inda ba inuwa ba kwano. Jama'a na kallo daga ƙasa, baki buɗe. Ya sauko, ya buɗe magazan da nasa makullin, ya ja tsanin ciki ya kwantar kusa da buhunan. Ya fito ya ɗauki buta, ya ɗauki sallaya, ya ɗauki kaye.

"Habiba, tuwo ta taga."

"Har yaushe?"

"Tambayi sama."

Yacuba ya ce, "Ni fa, taubashi?"

"Ranar da ya kai ashirin ka zo da tiyarka. Ka taho da kofinku a hannu in nuna maka inda ake kafa shi."

Baba Alfari ya matso yana kaɗa makulli. "Halidu, ni ne shugaban koperatif ɗin nan. Ni ne ubanka. Ina da makulli."

"Na sani, Baba. Sakata ta ciki ce ba ka da ita."

Ya shiga ya tura ƙofar, ya danna sakata. Daga ciki muryarsa ta fito, ba sama ba ƙasa.

"Bakwai aka yi, kuma gobe bakwai rediyo za ta ce. Iri ba ya fita ɗakin nan sai kofi ya kai ashirin ba da hannun kowa ba."